Tsimin ƙudan zuma da maganar antioksidan: ina gaskiyar take?

Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa an kawo mata kwalabe uku. Ta farko tsimin danƙon amya ne, wanda aka rubuta wa propolis a jiki. Ta biyu madarar sarauniyar zuma ce. Ta ukun kuwa an ce mata ƙudajen zuman ne da kansu, matattu, aka jiƙa a sifirit aka tace. Duka ukun an yi musu kirari cewa cike suke da antioksidan, suna hana tsufa, suna ƙarfafa garkuwar jiki. Tana so ta ji ko maganar na da tushe, kuma wacce ta fi a cikinsu.

Malama, maganar na da tushe, sai dai ba a wurin da mai talla ya nuna miki tushen yake ba. Na daɗe ina auna irin waɗannan tsime-tsime a ɗakin gwaji, don haka bari in fara da kalmar da aka ja hankalinki da ita. Idan kika gane yadda ake samo lambar da ake bugawa a jikin kwalba, rabin tambayarki ya amsu.

Kin san yadda ƙarfe ke tsatsa idan aka bar shi a raɓa, da yadda mai ke sauya wari idan ya daɗe a buɗe. Aikin iskar oksijin ne, kuma jikinmu ma bai tsira ba. Ƙwayoyin halittarmu da oksijin suke ƙona abinci su samu ƙarfi, kuma a wajen ƙonawar wasu 'yan ɓaraguzai kan kufce, kowanne da giɓin elektiron guda. Su ake kira firi-radikal. Ba sa zama lafiya sai sun fizgi elektiron daga abin da ke kusa da su, ko kitsen bangon ƙwayar halitta, ko furotin, ko DNA. Antioksidan shi ne sinadarin da zai miƙa musu nasa elektiron ɗin, shi kuma bai koma fitina ba. A 1956 wani masani a Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa wannan ɓarna ce ke taruwa ta zama tsufa. Daga ra'ayin nan kasuwar antioksidan ta samo asali. Abin da kasuwar ba ta cika faɗa ba shi ne jiki na da nasa masu gadin: enzayim, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, irin su SOD, wanda McCord da Fridovich suka bayyana aikinsa a 1969, da katalas, sai kuma wani sinadari mai suna gulutatayon. Su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, ba abin da muke haɗiya ba.

To ta yaya ake auna ƙarfin tsimi? Gwajin da aka fi yi sunansa DPPH, kuma tun 1958 ake yinsa. Wani ruwa ne mai launin shunayya. Sai a ɗiga tsimin a ciki, a ajiye a duhu kamar rabin awa, idan launin ya koɗe ya koma rawaya, na'ura ta auna yawan koɗewar, a ce tsimin na da ƙarfi kaza. Shi ke nan fa. Wannan DPPH babu shi a jikin ɗan Adam, kuma kwalbar gwaji ba ta da ciki, ba ta da hanji, ba ta da hanta. Akwai kuma gwajin Folin, wanda ke komawa shuɗi, da ake auna yawan sinadaran fenol da shi, wato wani rukunin antioksidan da tsirrai ke yi. Matsalarsa ita ce ba fenol kaɗai ke sa shi shuɗi ba. Sukari da wasu furotin ma suna taɓa shi. Na taɓa ganin ɗalibina ya shigo yana murna ya samu fenol mai yawa a wata farar zuma, na ce ya haɗa ruwan sukari zalla ya sake gwadawa. Da ya dawo murnar ta ragu. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, bisa dalilin cewa lambobin ba sa nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa sun mayar da su kayan talla.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A Finlan an bai wa wasu daga cikin maza masu shan sigari fiye da 29,000 ƙwayar beta-karotin, wanda antioksidan ne na gasken gaske, da fatan zai kare su daga kansar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga kansar ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 1996 aka dakatar da wani gwaji makamancinsa a Amurka tun kafin lokacinsa saboda dalili ɗaya. Don haka idan aka ce miki abu na da antioksidan mai yawa, ba a riga an gaya miki yana magani ba.

Yanzu mu shiga amya. Abu na farko da nake so ki riƙe: mafi yawan antioksidan ɗin da ke kayan zuma ba na ƙudan ba ne, na tsiro ne. Ƙudan ɗan dako ne. Shi ya sa baƙar zuma ta fi fara ƙarfi a gwajin DPPH kusan kullum, domin furen da aka kwaso ruwanta ya fi fenol. Amma ko baƙar, kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kashi 17 ko 18 ruwa, fenol ɗin kuwa ɗan mitsitsi ne. Wanda zai sha zuma don ya tara antioksidan, sukari zai tara kafin ya kai ga abin da yake nema, balle mai ciwon suga.

Inda zuma ta yi zarra shi ne a kan rauni, kuma abin mamaki, ba da antioksidan take wannan aiki ba, da kishiyarsa take yi. Ƙudan na zuba wani enzayim daga glandar kansa a cikin ruwan fure. Idan zuma ta haɗu da ɗanshin rauni ta tsinke, enzayim ɗin ya farka ya riƙa sakin haidurojin feroksaid kaɗan-kaɗan, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Jonathan White da abokan aikinsa ne suka tabbatar da haka a 1963. Shi kuwa feroksaid oksidan ne, mai ƙona bakteriya. Ga kuma kaurin sukari da ke tsotse ruwan jikinsu, ga tsamin zumar da ke wajen 3.9 a ma'aunin tsami na pH. Zumar manuka ta ƙasar Niyuzilan, wadda Peter Molan na Jami'ar Waikato ya yi shekaru yana bincike a kanta, tana da wani makamin daban, metilgilayoksal, wanda masana a Dresden ta Jamus suka gano a 2008. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane tana tace su, ta duba gwaji 26 a 2015, ta ga ƙunar da ba ta ci fata duka ba tana warkewa da zuma kwana 4 zuwa 5 kafin wadda aka ɗaure da kayan da aka saba. Ga tsohon gyambon ƙafa kuwa ba a ga fifiko bayyananne ba. Ki lura, zumar asibiti an kashe mata ƙwayoyin cuta da hasken gama kafin a sa wa majinyaci. Kuma jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma ko ɗis, saboda tana iya ɗauke da irin bakteriyar da ke haifar da botulizim, mai shanye jiki.

Kwalbarki ta farko ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta. Danƙon amya ƙaro ne da ƙudajen ke kankarowa daga tohon itatuwa da inda ɓawo ya ji ciwo, su ɗauko a ƙafafun baya, su cuɗa da kaki. Kusan rabinsa ƙaro ne, kashi 30 kaki, sauran mai mai ƙamshi da garin fure da tarkace. Sunan propolis daga Girkanci yake, ma'anarsa abin da ke gaban birni, don da shi suke rage faɗin ƙofar amya. Ki yi tunanin gida mai ɗumi wajen digiri 35, ga ɗanshi, ga abinci jibge, ga rayuka dubun dubata a cunkushe. Wurin da ya kamata fumfuna da bakteriya su yi biki ke nan, amma ba sa yi. Idan ɓera ya shiga suka kashe shi, ya fi ƙarfin su fitar, sai su lulluɓe gawar da danƙon, ta bushe ba ta ruɓe ba. Marla Spivak ta Jami'ar Minnesota da ɗalibanta sun nuna cewa amyar da aka shafe bangonta da danƙon nan tana da ƙarancin bakteriya, kuma ƙudajen cikinta ba sa wahalar da garkuwar jikinsu sosai. Wato garkuwa ce ta gari guda, wadda aka aro daga itace.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Tunda daga itace aka aro, kowace ƙasa da irin nata. Na Turai da Arewacin Amurka da Sin galibi daga itacen fofula ne, yana ɗauke da finosembirin, kirisin, galanjin, da wani sinadari da ake taƙaita sunansa CAPE. Koren danƙon Birazil daga wani ɗan tsiro ne mai suna Baccharis dracunculifolia, kuma jigonsa artefilin C ne. Jan danƙon Birazil kuma daga wani tsiron daban ne na bakin teku, da nasa sinadaran. An ƙirga sinadarai fiye da 300 a danƙon wurare daban-daban. Suna ɗaya, kaya daban. Ƙari a kan haka, abin da aka jiƙa shi da shi na sauya komai. Dunƙule guda ki raba biyu, rabi a ruwa, rabi a etanol, wato sifirit, mai ƙarfin kashi 70, za ki samu tsimi biyu da ba su yi kama ba, domin yawancin filabonoyid ɗinsa, wato wani rukuni na fenol, ba sa narkewa a ruwa. Wannan ne ya sa a 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da iƙirarin lafiya da aka gabatar mata a kan danƙon amya. Ba cewa ta yi ba ya komai ba. Cewa ta yi ba a fayyace mata wane abu ake nufi da sunan ba. Ni ma a ganina hukuncin daidai ne. Kwalbar da ba ta faɗi ƙasar da danƙon ya fito ba, da abin da aka jiƙa shi da shi, da yawan fenol a kowane mililita, ba ta gaya miki abin da ke cikinta ba.

A kwalbar gwaji danƙon amya gwarzo ne. Yana koɗar da DPPH nan take, ya fi zuma nesa ba kusa ba. Yana kashe bakteriya irin su Staphylococcus, ko da yake ya fi rauni a kan masu bango biyu irin su E. coli. A 1996 an nuna CAPE na toshe wani makunni a cikin ƙwayar halitta mai suna NF-kB, wanda ke tayar da kumburi. Amma da zarar an haɗiye shi labari ya sauya. Hanji da hanta na ɗaure waɗannan sinadarai da wasu abubuwa don a fitar da su da wuri. Kirisin, alal misali, abin da ke isa jini a siffarsa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka sha ba. Yawancin masana yanzu suna ganin ɗan amfanin da fenol ke yi a jiki ba ta hanyar kama firi-radikal kai tsaye ba ne; tsokanar ƙwayar halitta suke yi kaɗan, ita kuma ta tashi nata masu gadin. Shi ya sa hujjar da ta fi kyau a kan mutane ta fito daga inda danƙon ke taɓa ciwo kai tsaye: kurkurar baki don kumburin dasashi, da man shafawa ga ƙurajen leɓe masu zuwa da zazzaɓi. Gwaje-gwajen ƙanana ne, amma suna nuna hanya ɗaya. Idan za ki yi amfani da shi, a nan zan ce ki tsaya. Ki fara ɗiga kaɗan a cikin damtsenki ki jira kwana 2, domin yana cikin abubuwan da likitocin fata suka sani da haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje, har masu kiwon zuma kan kamu.

Madarar sarauniya kuwa labarinta ne ke sayar da ita, kuma labarin gaskiya ne. Matasan ƙudaje ma'aikata ke fitar da ita daga glandar kansu. Kowace tsutsa na shan ta kwana 3 na farko, wadda za ta zama sarauniya kuma ita za ta ci gaba da sha har ta mutu. Ƙwai iri ɗaya ne, amma sarauniya na fitowa cikakkiyar ƙudan zuma a kwana 16, ma'aikaciya a 21. Ma'aikaciya a lokacin aiki ba ta wuce mako 6, sarauniya kuwa ta yi shekara 2 ko 3, wani lokaci 5, tana zuba ƙwai har 1,500 ko fiye a rana. Wa zai ji wannan bai yi kwaɗayi ba? Sai dai ke ba tsutsa ba ce. A 2008 masana a Kanbera ta Ostareliya sun kashe wani enzayim guda da ke rufe wasu sassan DNA a jikin tsutsa, sai yawancinsu suka fito da siffar sarauniya, kamar dai an raine su da madarar. Wato abincin makulli ne na ƙofar da ke jikin ƙudan, mu ba mu da wannan ƙofar. Ga kuma abin da ke ba ni dariya duk sanda na ga an rubuta antioksidan a kwalbar madarar nan: a cikin amya, sarauniya ce ta fi kowa ƙarancin cin fenol na tsiro. Ma'aikata ke cin garin fure da zuma, kuma a 2015 an nuna wani fenol da ke cikin wannan abinci nasu yana daƙile ƙwan haihuwarsu. An kuma gano cewa kitsen bangon ƙwayoyin halittar sarauniya irin wanda ba ya saurin tsatsa ne, na ma'aikata kuwa, saboda garin fure, mai saurin lalacewa ne. Ba yawan masu kashe gobara ke tsawaita ranta ba, gidan ne ba mai saurin kamawa ba.

Ita madarar kashi 60 zuwa 70 ruwa ce, sai furotin da sukari da wani kitse nata na musamman mai suna 10-HDA, wanda da shi ake gane ta gaske. Ƙa'idar duniya ta 2016 ta ce kada ya gaza kashi 1.4. Tana lalacewa da zafi, don haka wadda ta daɗe a kan teburin mai sayarwa cikin rana ba ita ba ce kuma. Abin da ya fi muhimmanci: mai asma ko mai yawan borin jini ya nisance ta. An samu waɗanda numfashinsu ya sarƙe bayan sun sha, har da rasa rai. Mai shan warfarin na tsinka jini ma ya tambayi likitansa tukuna, don an samu rahoton ta ƙara wa maganin ƙarfi. Garin fure ma haka, ga shi kuma idan ba a busar da shi da kyau ba fumfuna na kama shi.

Zuma da zaƙi da harbi, kuma harbin na da alaƙa da kwalbarki ta uku. Kusan rabin busasshen dafin ƙudan zuma wani ɗan guntun furotin ne mai suna melitin, mai amino asid 26, wanda aikinsa huda bangon ƙwayar halitta. A 2020 wata cibiyar bincike a Perth ta Ostareliya ta nuna yana kashe ƙwayoyin wata muguwar kansar mama a ɗakin gwaji, labarin ya zaga duniya. Abin da kanun labarai suka bari shi ne melitin na fasa jajayen ƙwayoyin jini ma, kuma aikin da ke gaban masana shi ne yadda za a kai shi ga ƙarin ba tare da ya yi ɓarna a hanya ba. A Holan an gwada harbin ƙudan ga masu cutar jijiya ta MS a 2005, ba a ga amfani ba. A Sifen kuma an ba da rahoto a 2018 cewa wata mata mai shekara 55 ta rasu bayan an harbe ta da ƙudan da sunan magani, alhali ta shafe shekara 2 ana yi mata ba matsala. Amfanin dafin da ya tabbata a asibiti guda ne mai kyau: allurarsa kaɗan-kaɗan a hannun likita, don a saba wa jikin wanda harbi ke neman halakawa.

Jiƙon matattun ƙudaje tsohon abu ne a Rasha da Yukren, inda suke kiransa podmor. Masu sayar da shi kan ce yana ɗauke da kitosan da melanin. Gaskiya ne ɓawon jikin ƙudan wani abu ne mai tauri da ake kira kitin, haɗe da melanin mai ba shi duhun launi, kuma melanin na kama firi-radikal. Amma kitin ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a sifirit. Kafin ya zama kitosan sai an dafa shi a kostik soda mai ƙarfi na sa'o'i, aikin masana'anta ne, ba na jiƙo ba. Don haka abin da ake yi wa kirari yana nan a tukar da aka tace aka zubar. Abin da ke shiga ruwan shi ne kitse, da amino asid, da ragowar garin furen da ke hanjin ƙudan, da ɗan danƙon da ya manne a jikinsa, da wani abu na dafi. Idan kika ɗiga shi a DPPH zai koɗar da launi, ba musu, amma kin ga wani kaso na wannan ƙarfin ma na tsiro ne da ƙudan ya ci kafin ya mutu. Jinin ƙudan kuma na da wasu guntayen furotin masu kashe bakteriya, kamar afidesin da aka gano a 1989, kuma masu neman sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta na aiki a kansa sosai. Sai dai su a tsarkake suke haɗa shi, su auna shi. Wanda aka haɗiye cikin jiƙo, ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin. Kusan duk abin da aka rubuta a kan wannan tsimi daga kwalbar gwaji ya fito, ba daga jikin majinyata ba.

Abin da ya fi damuna da shi ma ba ƙarancin hujja ba ne. Ƙudan da aka share daga ƙasan amya ba haka kawai ya mutu ba. Wani tsufa ne, wani sanyi, amma wani cutar hanji ta Nosema ce, wani kuma maganin ƙwari ya kwaso a gona. Masu kiwo na sa magani a amya don kashe kaskar Varroa, wasu daga cikin magungunan kuma a kitse da kaki suke maƙalewa. Gawar da ta kwana biyu a ɗanshi fumfuna ta hau ta. Sifirit kuwa ba ya zaɓe: yadda yake janyo fenol haka yake janyo maganin ƙwari. Ga ragowar dafi ga wanda jikinsa ba ya so, kuma mutum na iya kamuwa da wannan ƙin bai sani ba. Danƙon amya da madarar sarauniya aƙalla akwai sinadarin da za a auna a ce ga ingancinsu. Wannan kuwa, ko da wanda ya kawo miki ya rantse da tsarkinsa, ki tambaye shi abin da ya kashe ƙudajen, da takardar ɗakin gwajin da ta nuna babu maganin ƙwari a ciki. In bai kawo ba, ni dai ba zan sha ba, kuma ba zan ba ki shawarar sha ba.